Ra'ayinmu: Na'ura ta iya zane, amma ba ta san Zango ba

A watan Nuwamban 2024 kamfanin Coca-Cola ya fitar da tallarsa ta Kirsimeti wadda aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira, wato AI. Jajayen motocin nan da dusar ƙanƙara duk suna ciki, amma masu kallo da yawa suka ce tallar ba ta da rai. Kamfanin bai fasa ba, ya sake yin wata a 2025. Tun a 2023 kuma WPP na Ingila, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin talla na duniya, ya haɗa hannu da Nvidia don na'ura ta riƙa samar masa da hotunan talla. Dalilin a fili yake: aikin da a da sai an tara mai hoto da mai zane da 'yan wasa, yanzu mutum ɗaya zai gama shi a gaban kwamfuta.

Mu a Gana mun taɓa ganin irin wannan. A shekarun 1980 da 1990 da hannu ake zana fastocin finafinai a kan buhunan fulawa, haka ma allunan shaguna. Da injinan buga hoto suka yawaita, sana'ar ta ja baya. Yau layi ya zo kan yaranmu na Nima da Mamobi da Aboabo, masu haɗa katin biki da fastar Maulidi da tallar 'yan kasuwa, su kai New Town ko wata maɗaba'a a buga. Mai shago zai ce, to me ya sa zan biya ka, alhali wayata za ta yi mini kyauta?

Amsar tana cikin yadda abin ke aiki. Na'urar ta koyi zane ne daga miliyoyin hotunan intanet, saboda haka abin da ya fi yawa a can shi take dawo maka da shi. Ka ce ta zana maka Sallah, sau da yawa sai ga fitila da jinjirin wata da mutum cikin shigar Larabawa. Babbar riga da kwanon waace da hawan dawaki sai ka dage. Shaguna goma suka yi haka, tallarsu ta zama iri ɗaya, ba wanda zai tuna da ko guda.

Abin da ya fi damunmu shi ne rubutun Larabci. Waɗannan manhajoji sukan jera haruffa masu kama da aya alhali shirme ne. A liƙa wannan a bangon masallaci, wa zai ɗauki alhakin?

Ba mu ce a guje ta ba, wallahi wanda ya ƙi koyo za a bar shi a baya. Masu zane su yi amfani da ita wajen gwada launi da gyaran hoto, amma dabarar talla da kalmomin da za su shiga kunnen mai saye su fito daga kansu. 'Yan kasuwa su biya wannan tunanin, don shi ne ke jawo ciniki. Kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya kuwa, kada su yarda a buga fasta mai aya ko hadisi sai malami ya duba ta harafi bayan harafi.