Bikin kyaututtukan talabijin na Legas: ina rukunin Hausa ya shiga?

Shekara biyu ke nan a jere, 2024 da 2025, ana kammala bikin AMVCA a Legas ba tare da an kira wani ya karɓi kyautar fim ɗin Hausa ba, domin rukunin kansa an shafe shi. Wannan biki, wanda kamfanin MultiChoice mai DStv da tashoshin Africa Magic ya fara a 2013, shi ne mafi girma a harkar talabijin da fim a Najeriya, kuma abin da aka yanke a can yana taɓa mu nan Ƙonni, Malbaza da Illela fiye da yadda ake zato.

Duk wanda ya zaga unguwannin Ƙonni bayan isha'i ya san abin da ake kallo. Daɗin Kowa ne, ko Kwana Casa'in, ko Labarina, a tashar Arewa24 ga mai parabol, ko a waya ga wanda aka tura wa a kati. Daga tashar mota har rumfunan albasa na Galmi, sunayen ƴan wasan Kano sun fi na ministocinmu sanuwa. Ko lokacin da aka rufe iyaka bayan 26 ga Yulin 2023, Najeriya kuma ta yanke wuta, mutane sun riƙa biyan kuɗin caji don kada wani kashi ya wuce su.

A da, masu yin waɗannan shirye-shirye suna da kujerarsu a bikin. Daɗin Kowa ya ci kyautar Hausa a 2016, Mansoor na Ali Nuhu a 2018, Aisha na Abubakar Bashir Maishadda a 2023. A karo na goma, a 2024, aka haɗe Hausa da Yarbanci da Ibo da sauran harsunan yankin cikin rukuni guda: harsunan gida na Afirka ta Yamma. Jagun Jagun na Femi Adebayo ya ɗauka a shekarar, Lisabi ya biyo baya a 2025. Duka biyu da Yarbanci aka yi su, duka biyu kuma a Netflix aka fito da su.

Masu shirya bikin suna da hujjarsu: biki ne da ke ikirarin wakiltar nahiya, ba zai yiwu a ware wa harsunan Najeriya uku rukuni uku ba, a bar sauran Afirka da ɗan abin da ya rage. Hujjar ba ta banza ba ce. Kuma ba wanda zai ce finafinan da suka ci ba su cancanta ba. Amma an haɗa kokawa tsakanin waɗanda ba sa'o'in juna ba ne. Fim mai jarin Netflix, da ɗaruruwan ƴan wasa da kayan yaƙi, ba zai tsaya layi ɗaya da shiri mai dogon zango da ake ɗauka mako-mako, ana jiran talla da kuɗin YouTube kafin a biya ƴan wasa ba. Ga kuma batun ƙuri'a, domin wasu rukunan masu kallo ne ke zaɓa ta intanet. Mai kallon Malbaza, wanda bai taɓa biyan DStv ba, kuma a kati ya ga shirin, babu inda ake ƙirga shi.

A nan ne lamarin ya dawo gida. Tun watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci ya koma harshen aiki. Da kyau. Sai dai wasan kwaikwayon Hausar da ɗan Nijar ke kallo da dare, kusan duka daga ƙetaren iyaka yake zuwa, kuma mai baiwa irin mawaƙiya Fati Nijar, ƴar Maraɗi, sai da ta je Kano sunanta ya fito. Ba haka aka faro ba. Oumarou Ganda ne ya ci babbar kyautar FESPACO ta farko a Wagadugu a 1972, kuma Moustapha Alassane, wanda ya rasu a 2015, a nan Tahoua ya zauna shekaru yana aikinsa na fim.

A ganina kuka kan Legas ba zai kai mu ko'ina ba, balle yanzu da Canal+ na Faransa ya karɓi ragamar MultiChoice a Satumban 2025, wato masu yanke shawara sun ƙara nisa da Kano, bare Ƙonni. Tambayar da ta dace Télé Sahel da ma'aikatar da ke kula da al'adu za a yi wa: shiri nawa na Hausa mai dogon zango za su ba masu shirya fim na jihohi kwangilarsa a kasafin baɗi, a wane lokaci na dare za a sa shi, kuma nawa za a biya kowane kashi?