Maganin sanƙo: shawarar da bai kamata a yanke a ɓoye ba

A Abuja ana auna mutum da ido tun kafin ya buɗe baki, shi ya sa sanƙo ke hana samari da magidanta da yawa sakat. Ma'aikacin banki a Wuse, ɗan kwangila mai sintiri a Sakatariyar Tarayya, ango mai shirin biki a Gwarimpa, za ka iske wani cikinsu ya sayo ƙwayar finasteride ko ruwan shafawa na minoxidil, sau da yawa ta Instagram, babu takardar likita. Bayan wata biyu sai ya ci karo da labarin illolin maganin a waya, hankalinsa ya tashi: ya ci gaba ne ko ya bari?

Magungunan biyu ba ɗaya ba ne. Minoxidil asalinsa maganin hawan jini ne, aka lura gashi na tsiro wa masu shansa, a 1988 Amurka ta amince da na shafawa. Illarsa galibi ƙaiƙayi ne da bushewar fatar kai, wani lokaci jiri ko bugun zuciya. Ƙaruwar zubar gashi a makonnin farko kuwa abu ne sananne, yakan wuce.

Finasteride ne mai nauyi. Kamfanin Merck ya fito da shi a 1992 don kumburin furostet, wanda ke wahalar da dattawa wajen fitsari, sannan a 1997 aka amince da miligiram 1 don sanƙo. Aikinsa rage sinadarin DHT, wanda jiki ke sarrafawa daga sinadarin mazakuta, shi ne kuma ke ƙanƙantar da saiwar gashi. Sai dai wannan sinadari ba a fatar kai kaɗai yake aiki ba. A gwaje-gwajen farko, ƙasa da mutum 2 cikin 100 sun yi kukan raguwar sha'awa, kusan haka kuma raunin gaba, akasarinsu sun warware. Amma a 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta sa an rubuta cewa akwai waɗanda matsalar ta ci gaba da damunsu bayan sun daina sha. A 2024 Birtaniya ta umarci a sa katin gargaɗi a cikin kwalin. A 2025 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta tabbatar da cewa tunanin kashe kai na cikin illolinsa, ta ce wanda ya ji yanayinsa ya sauya ya dakata, ya ga likita.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓoyon. Namiji na jin kunyar a san yana shan maganin gashi, ya fi jin kunyar a san ya yi sanyi a shimfiɗa. Sai ya yi gum. Uwargida ta ga mai gida ya juya mata baya, ta fara zargin kanta, ko ta ce akwai wata a waje, ta kwashi kuɗi ta kai wa masu kayan mata. Shi kuma ya nufi mai maganin basir ko na ƙarfin maza, ya ɗora wani haɗi a kan ƙwayar da bai gaya wa kowa yana sha ba. Alhali shimfiɗa haƙƙi ne na mutum biyu. Wanda zai sha abin da ka iya taɓa ta, bai da hujjar ɓoye wa abokiyar zamansa. Akwai ma dalili na biyu: mace mai ciki ba a son ta taɓa ƙwayar da ta fashe ko aka daka, domin tana iya cutar da halittar al'aurar ɗa namiji a ciki. Ta yaya za ta kiyaye abin da ba ta san yana ɗakinta ba?

Ban ce kowa ya zubar da maganinsa ba. Wanda ya daɗe yana sha, jikinsa lafiya, zuciyarsa lafiya, kada tsoron labarin wani ya sa ya daina cikin firgici. Ya dai sani cewa duk gashin da maganin ya riƙe masa zai zube cikin kamar shekara ɗaya idan ya bari, don haka ɗawainiya ce ta kuɗi wata bayan wata. Amma wanda ya ga sauyi a shimfiɗa, ko baƙin ciki mara dalili ya lulluɓe shi, a ganina babu wani dogon lissafi. Sanƙo ba ciwo ba ne, kuma mu mutane ne masu hula. Masu zolayar abokai a majalisa da "Malam mai sanƙo" su ma su rage, su ne ke tura wasu ga sha a ɓoye.

Akwai likitocin fata a Asibitin Ƙasa da asibitin koyarwa na Gwagwalada. A je da kwalin a hannu, a duba lambar NAFDAC, a faɗi komai ba ragi. Magidancin da ya manyanta ya tabbata ya sanar da likita kafin gwajin jini na PSA, domin finasteride na rage sakamakon da kusan rabi, har ya iya rufe alamar sankarar furostet.