Baƙin Gilashin Mota: Mu Liƙa Da Kanmu Ko Mu Kai Wa Mai Sana'a?

A wannan wata za mu tattauna ne a kan wani al'amari da ya zama ruwan dare a zangunanmu, tun daga Nima da Mamobi har Aboabo da Tamale, wato liƙa baƙar leda a gilashin mota. An sha tare mu a majalisa ana tambaya, shin mutum ya sayi ledar ya liƙa da kansa ya huta da kuɗin aiki, ko kuwa lallai sai ya kai wa mai sana'a? To, amsar da za mu bayar ba ta ji-ta-ji-ta ba ce, domin mun ɗanɗana da kanmu, kuma Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Bara cikin hunturu wani ɗan ƙanwarmu ya same mu da waya a hannu, ya nuna mana wani Bature yana liƙa leda cikin minti goma. Ya ce, "Kawu, wannan aikin ai wasan yara ne. Ka ba ni kuɗin leda kawai, sauran ka bar mini." Muka ga araha, muka sayi naɗi guda wajen wani mai talla a bakin titi, muka kuma zaɓi mafi duhu. Ranar Asabar aka fito da mota ƙarƙashin bishiya a ƙofar gida, iska tana kaɗawa, aka kama aiki da reza da bokitin ruwa. Gilasan gefe suka fito da ƙuraje kamar fuskar mai ƙyanda. Na baya kuwa ya ƙi kwanciya, leda ta tattare ta ko'ina, yaro ya kankare da reza ya sake, har sau biyu. Kwana biyu muka sauke gilashi don mu gaisa da maƙwabci, sai bakin ledar ya ɗago ya nannaɗe.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya kawai za a yi mana a wuce. Amma wata rana bayan sallar isha'i muka shiga mota za mu yi ribas a lungunmu, ga shi an ɗauke wuta. Muka duba madubi, muka waiga, ba ma ganin komai sai baƙi. Muka saki birki a hankali bisa sabo. Sai ihun mai ƙosai muka ji tana cewa, "Malam, tsaya! Yarinya!" Ashe 'yar maƙwabcinmu ce da aka aika, ta durƙusa bayan mota tana neman kuɗin da ya faɗi. Tsakaninta da taya bai kai kamu ɗaya ba. A daren nan ba mu runtsa ba. Garin neman gira mun kusa rasa ido.

Gari na wayewa muka nufi Suame Magazine, babbar unguwar makanikai ta Kumasi, wajen wani dattijo da ya daɗe a wannan sana'a. Ya zagaya motar, ya shafa gilashin baya ta ciki, ya girgiza kai ya ce, "Malam, ledar ba ita ce babbar asararka ba. Dubi nan." Ya nuna mana siraran layukan nan da ke kwance a jikin gilashin baya, waɗanda ke ɗumama shi su kori raɓa da hazo lokacin damina. Rezar yaronmu ta yanke uku daga ciki. A wasu motocin ma eriyar rediyo tana cikin waɗannan layuka. Muka biya kuɗin cire tsohuwar leda, muka biya na sabuwa, ga kuma layukan da suka mutu. Lallai araha ba ta ado.

Yanzu bari mu yi bayanin yadda abin yake, don mai karatu ya yanke wa kansa hukunci da sani.

Ita wannan leda siririyar roba ce ta foliyesta mai hawa-hawa, gefe ɗaya da gam, kuma ta ciki ake liƙa ta. Iri huɗu aka fi sani. Akwai mai rini, wadda ta fi araha, amma idan ƙarama ce rana takan cinye rinin, ta koma shunayya, gam ɗin ya kumbura. Akwai mai ƙurar ƙarfe, wadda ke mayar da zafi sosai tana ƙyalli kamar madubi, sai dai takan rage ƙarfin sabis na waya da rediyo da na'urar nuna hanya. Akwai ta kabon, wadda ba ta saurin koɗewa. Sai ta siramik, wadda ta fi tsada, ta kuma fi tare zafi ba tare da ta taɓa sabis ba.

A nan ne yawancinmu muke kuskure, domin mun ɗauka duhu shi ne sanyi. Kusan rabin ƙarfin hasken rana yana zuwa ne ta wani haske da ido ba ya gani, wanda masana ke kira infirared. Baƙar leda mai rini tana tare hasken da ido ke gani, amma yawancin wancan ɓoyayyen zafi yana ratsa ta. Shi ya sa leda ta siramik mai haske tana iya fin baƙa ƙirin mai araha sanyaya mota. Haka kuma leda mai kyau, ko da fara ce, tana tare har kashi 99 cikin 100 na hasken UV mai ƙona fata da koɗar da kujeru. Sai dai mu sani, babu ledar da za ta hana motar da aka kulle a rana zama tanderu. Don haka kada wanda ya bar yaro cikin mota yana cewa ai gilashina baƙi ne.

Sai batun lambar da ke jikin kwali: 5, 20, 35, 50 ko 70. Lambar tana nufin kashi nawa cikin 100 na haske ke wucewa. Ta 5, irin wadda muka saya, kashi 5 kacal take bari ya shiga. Da rana tsaka ido zai iya lallaɓawa, amma da dare a lungun da ba fitila daidai take da labule. Akwai kuma wani lissafi da mai talla ba zai gaya maka ba. Gilashin da ya zo da mota shi ma yana rage haske. Idan yana barin kashi 80 ya wuce, ka ɗora masa leda mai lamba 50, abin da zai iso idonka kashi 40 ne. Ko mai lamba 70 ka ɗora, kashi 56 za ka samu. Motocin da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema da yawa sukan zo da gilashin baya mai duhu tun daga kamfani. Wannan launin a cikin gilashin yake, ba ya ɓarewa, kuma wanda ya ƙara masa baƙar leda ya tara duhu kan duhu.

Ga kuma hukuma. A nan Ghana, dokar hanya ta 2012, wadda ake kira L.I. 2180, ta hana tuƙa motar da aka baƙanta babban gilashinta na gaba. Kafin mutum ya kashe ko sidi ɗaya, ya kamata ya leƙa ofishin DVLA ko na 'yan sandan MTTD ya ji iyakar abin da aka yarda da shi a sauran gilasan. A Ingila doka ta ce babban gilashin gaba ya bar aƙalla kashi 75 na haske ya wuce, na gefen direba da na kusa da shi kashi 70, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ga duk mai son ganin hanya. 'Yan'uwanmu fatake da ke bin hanyar Aflao, Lome da Kwatano zuwa Ikko su ƙara lura. Najeriya tana da doka ta musamman tun 1991 da ta hana baƙin gilashi sai da izinin 'yan sanda, bisa dalilin lafiya ko tsaro. A 2025 rundunar 'yan sandan ƙasar ta sake ɗago maganar takardar izinin, har ƙungiyar lauyoyi ta kai ƙara kotu. Duk mai niyyar tsallakawa da motarsa ya yi tambaya tun yana gida, don kada ya tsinci kansa yana ɓare leda a shingen bincike.

To, mene ne mai sana'a yake yi wanda mu ba mu yi ba? Mun zauna mun kalli dattijon nan daga farko har ƙarshe. Da farko ya shigar da motar cikin rumfa mai ƙofa, ya yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, domin ƙwayar ƙura ɗaya tsakanin gam da gilashi ita ce ƙurji ɗaya da ba zai taɓa warkewa ba. Tsohuwar ledar gilashin baya da tururi ya cire ta, reza ba ta taɓa wurin ba. Ya wanke kowane gilashi sau da yawa, har cikin robar da gilashin ke shiga. Da ya zo kan na baya, wanda yake da lanƙwasa ta tsaye da ta kwance, sai ya shimfiɗa ledar ta waje tukuna, ya bi ta da na'urar hura iska mai zafi har ta tsuke ta ɗauki siffar gilashin, sannan ya mayar da ita ciki falle ɗaya. Wannan shi ne sirrin da ya gagare mu. Zafi ya yi kaɗan leda ta tattare, ya yi yawa ta ƙone. Bayan haka ya fesa ruwa mai ɗigon sabulun jarirai, ya ɗora, ya bi da robar shafe ruwa daga tsakiya zuwa baki.

Da ya gama ya ce, "Malam, kwana uku zuwa biyar kada ka sauke gilashi, in damina ce ka ƙara haƙuri. Za ka ga kamar hazo ko ɗigon ruwa a ciki, kada ka danna, rana za ta shanye shi. Kuma kada a goge da ruwan wanke gilashi mai amoniya, tsumma mai laushi da ruwa sun isa." Muka ce, "Baba, mun ji, Allah Ya saka da alheri."

Kada a ce mun hana matasa koyon aikin hannu. Wanda yake da haƙuri da ɗaki mai tsabta yana iya gwada ƙananan gilasan gefe na baya, waɗanda ba su da lanƙwasa sosai. Ya fara koyo a kan tsohon gilashi da ya samo a Abossey Okai ko Magazine, ya sayi leda fiye da buƙatarsa don dole zai ɓata, ya guji hunturu, ya kuma yi amfani da sabuwar wuƙa mai kaifi. Amma idan aka haɗa kuɗin leda da na kayan aiki da na abin da za a ɓata, a ƙara da yinin da za a kashe, ratar da ke tsakaninsa da kuɗin mai sana'a ba ta kai yadda ake zato ba. Gilashin baya kuwa, da na gefen direba, shawararmu ita ce a bar wa masu shi.

Sai dai ba duk mai riƙe da reza ne gwani ba. Kafin ka miƙa makulli, ka dubi inda yake aiki, rufaffe ne ko filin Allah. Ka ce ya nuna maka kwalin ledar ka ga sunan kamfani da lamba da idonka. Ka nemi ganin motar da ya yi wa aiki shekara guda ko biyu da suka wuce, domin sabon aiki kowane iri kyau gare shi. Ka tambaye shi ko gilashin baya falle ɗaya zai yi ko gutsi-gutsi. Ka karɓi rasit da alkawarin gyara in ta ɗago. Wanda kuma ya ce zai baƙanta maka babban gilashin gaba ba tare da ya ja kunnenka ba, kuɗinka yake so, ba ruwansa da ranka.

Mun san dalilan da ke sa jama'a son baƙin gilashi, kuma ba na banza ba ne. Akwai zafin rana, akwai sutura ga iyali, akwai tsoron ɓarayi masu leƙen jaka. Leda matsakaiciya mai inganci a gilasan baya tana biyan waɗannan buƙatu. Na gaba kuwa a bar su da haskensu, domin mai tafiya a ƙasa da mai babur suna buƙatar ganin fuskar direba su san ya gan su, shi ma direba yana buƙatar ganin madubinsa da dare. Ga gwaji mai sauƙi ga duk wanda ya riga ya liƙa: yau da dare ka zauna a kujerar direba, ka rufe gilasai, ka sa wani ya tsaya taku biyar a bayan mota. In ba ka gan shi sarai ba, gobe ka je a cire.

Ita 'yar maƙwabcinmu tana nan lafiya, kullum da safe takan wuce mu da allonta ta gaishe mu. Ɗan ƙanwarmu kuwa yanzu yana zuwa wajen dattijon nan ranar Asabar yana koyon aikin yadda ya kamata.

A wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba batun tsofaffin tayoyi da yadda ake karanta shekarar da aka yi su a jikinsu. Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya kai kowa gida lafiya. Wassalam.