Sulhun Birnin Gwari: Abin da jaridu suka bari a baya

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya karɓi tubabbun 'yan bindiga a Birnin Gwari, aka kuma sake buɗe kasuwar shanun garin. Hotunan bikin sun cika shafukan jaridu, amma sharuɗɗan sulhun ba su samu irin wannan fili ba.

Akwai hujjar taka-tsantsan a Kaduna. A ranar 22 ga Agustan 2002 malaman addinin Musulunci da na Kirista 22 suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya. Bayan wata uku kacal, wani sharhin jaridar ThisDay ya tayar da tarzomar da ta ci rayuka sama da 200. Mazauna Gonin Gora da direbobin hanyar Abuja sun san jita-jita kan riga jami'an tsaro isa bakin titi.

Sai dai rubutun tunzurawa daban, bayyana sharuɗɗa daban. A 1711 jaridar Daily Courant ta Landan ta buga sharuɗɗan share fagen sulhu tsakanin Birtaniya da Faransa. Gwamnati ta fusata, ta hana jakadan Ostiriya da ta zarga shiga fada, amma duk da haka an kammala sulhun a Utrecht a 1713.

Ɗan kasuwar da zai ɗauko shanu daga Birnin Gwari yana bukatar sanin makaman da aka miƙa, da wanda zai hukunta duk ɓangaren da ya saɓa alkawari.