Rariyar da Ba Ta Jin Hausa: Tsokaci kan Tace Saƙonnin Shara a Imel

Kusan duk wata hulɗa ta ilimi a yau ta imel ake yin ta: miƙa maƙala ga mujalla, rahoton masu tantancewa, gayyatar taron ƙara wa juna sani. Amma kafin saƙo ya isa akwatin mai shi, sai uwar garke, wato kwamfutar da ke karɓa da rarraba saƙonni, ta tankaɗe shi domin raba tsaba da ƙaiƙayi. Ra'ayina shi ne, aikin wannan rariya ya shafi manazarta Hausa kai tsaye, bai kamata a bar wa injiniyoyi shi su kaɗai ba.

Mafi yawan matatun suna aiki ne da alkalanci iri biyu. Na farko yana duba asalin saƙo: ko adireshin da ya fito yana cikin jerin baƙin suna irin na Spamhaus, da kuma ko ya cika ƙa'idojin tabbatar da mai aikawa, wato SPF da DKIM da DMARC. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka wajabta waɗannan ga masu aika saƙonni da yawa. Mujallar da uwar garkenta ba ta cika su ba, tana iya aika sanarwa ta ƙare a kwandon shara.

Alkalanci na biyu yana duba kalmomi. Dabarar lissafin Bayes, wadda Paul Graham ya yayata a 2002, tana koyo ne daga misalai. A manhajar SpamAssassin, matatar ba ta fara aiki sai ta ga saƙonnin shara 200 da na kirki 200, kuma bisa tsarin asali, saƙon da makinsa ya kai 5 ya zama shara. Manhajar tana da sashen gane harshe wanda ya san Suwahili da Amharik da Larabci, amma babu Hausa a jerinsa. Matatar da ba ta taɓa ganin wasiƙar Hausa ta kirki ba, da me za ta auna ta?

Kuskuren matata iri biyu ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Idan tallar mujallar bogi ta tsallake, editan zai goge ta cikin daƙiƙa. Idan kuwa maƙalar ɗalibi ta faɗa shara, babu wanda zai sani: shi yana jiran amsa, editan bai ma san an aiko ba, har wa'adi ya wuce.

Saboda haka, ya kamata sassan Hausa su tattara wasiƙun Hausa na kirki da na damfara, da izinin masu su kuma a cire sunaye, cikin daidaitacciyar ƙa'idar rubutu da kuma irin rubutun yau da kullum marar ƙugiya, su miƙa wa cibiyoyin kwamfuta na jami'o'insu domin horar da matata. Su kuma cibiyoyin su riƙa killace saƙon da ake shakka a kansa maimakon goge shi, tare da aika wa editoci jerin abin da aka killace a kowace rana.