Mutuwar Ƙaramin Tauraro Ba Abin Wasa Ba Ce

Hausawa na cewa sabo ake wa kuka, ba mutuwa ba. Babu inda wannan magana ta fi zama daram kamar a wasan kwaikwayon talabijin mai dogon zango, inda ɗan kallo kan shekara yana ganin fuska ɗaya kowane mako har ta zame masa tamkar ta maƙwabci. Sau da yawa ma ba babban tauraro ke shiga rai ba, ƙaramin ne: mai shagon bakin layi, ko dattijon da ke raba gardama. To amma idan ranar rabuwa da shi ta zo, nan ne marubuta da yawa kan ci amanar ’yan kallo. Muna ganin haka a wasannin da ɗalibanmu ke kawo mana: a kashe mutum a fitowa ta biyar, a ta shida kowa na ta dariya, ko kuma ya dawo a ta goma a ce ashe suma ya yi. Ra’ayinmu shi ne wannan ragwanci ne, kuma raini ne ga hankalin mai kallo. Za mu kafa hujja da wasanni uku na ƙasar Amurka, domin a can an gwada kowace hanya, an kuma ga sakamakonta.

Na farko shi ne M*A*S*H, wasan ban-dariya da tashar CBS ta nuna daga 1972 zuwa 1983, a kan likitocin soja a yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953. Shugaban asibitin, Laftanar Kanar Henry Blake, mutum ne mai sanyin hali wanda bai iya tsawa ba, abin da ya sa ’yan kallo suka ƙaunace shi. Da McLean Stevenson, mai fitowa a matsayinsa, ya yanke shawarar barin wasan, sai aka shirya masa sallama. A shirin 18 ga Maris, 1975, Blake ya sami takardar komawa gida, ya yi ban-kwana da kowa, ya tashi. Can a fitowar ƙarshe sai ga akawun asibitin, Radar, ya shigo ɗakin tiyata da labarin cewa an harbo jirginsu a kan Tekun Japan, ba wanda ya tsira. Likitoci suka ci gaba da aiki, ba mai cewa uffan, don akwai masu rauni a gabansu.

Wasiƙun ƙorafi fiye da dubu suka iso wa masu shirin. Masu ƙorafin cewa suke yi an zalunce su, sun zauna neman dariya an ba su makoki. Mu kuwa muna ganin su ne ba su yi wa wasan adalci ba. Wasa ne da jigonsa yaƙi. Shekara uku ana shigo da gawarwakin samarin da ba mu san sunansu ba, ba wanda ya rubuta wasiƙa. Sai da mutuwa ta taɓa wanda aka saba da shi sannan aka ji zafi, alhali a daidai lokacin yaƙin Biyetnam bai gama cin mutane ba, don Saigon ba ta faɗi ba sai ƙarshen Afrilun wannan shekara. Da an bar Blake ya isa gida lafiya, da wasan ya koya wa jama’a cewa harsashi yana zaɓe, yana tsallake mutanen kirki. Wannan ƙarya ce, kuma marubutan sun ƙi yin ta.

Na biyu ya fi wannan nauyi, domin mutuwar ta gaske ce, ’yan kallon kuma ƙananan yara. Will Lee, wanda ya fito a matsayin Mista Hooper mai shago a shirin Sesame Street tun 1969, ya rasu a Disamba 1982. Hanyoyin kaucewa a buɗe suke: a ce ya yi ƙaura, ko a sa wani a gurbinsa. Masu shirin suka ƙi. Suka tuntuɓi masana halayyar yara, suka kuma zaɓi 24 ga Nuwamba, 1983, ranar hutun bikin godiya, don iyaye su kasance a gida. Big Bird, tsuntsun nan mai tunanin yaro, ya zana hotunan manyan unguwar yana raba musu, ya nemi Mista Hooper ya ba shi nasa. Manyan suka gaya masa ya mutu, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa, amma akwai masu ci gaba da kula da shi. Daga nan aka rataye hoton kusa da sheƙarsa, ya daɗe a wurin. In har yaro ɗan shekara huɗu ya cancanci a gaya masa gaskiya, ina hujjar marubucin da ke ɓoye ta ga magidanta?

Na uku shi ne abin kunyar. A wasan Dallas, Patrick Duffy ya bar aiki a 1985, aka sa mota ta kaɗe Bobby Ewing, ya cika a asibiti. Ko da yake Bobby yana cikin manyan taurari, darasin ɗaya ne. Da kasuwar wasan ta fara ja da baya sai aka lallaso Duffy. A Mayu 1986 aka gan shi yana wanka, daga baya aka ce duk zangon da ya wuce, kashi 31 cur, mafarkin Pamela ne. Wato hawayen da mutane suka zubar an mayar da shi wasan yara. Ko mai tatsuniya ya fi su mutunci, don tun daga “ga ta nan” kowa ya san duniyar Gizo za a shiga. Su kuwa sun sayar da abu a matsayin gaske, suka dawo suka ce ba haka ba. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, me zai sa ya sake damuwa da mutuwar wani a wasan?

Kada a ɗauka muna kira ne a yi ta kisa. Marubucin da ke kashe ƙaramin tauraro don kawai ya girgiza mutane, ko don ya huce haushin ɗan wasan da suka ɓata, shi ma maci amana ne. Sharuɗɗanmu uku ne. Mutuwar ta tsiro daga jigon wasan, kamar ta Blake. A faɗe ta a fili, kamar ta Hooper. Sannan ta bar gurbi. Mu da muka san zaman makoki da sadakar uku da ta arba’in da takaba, bai kamata a koya mana cewa mutuwa kan sauya gida ba. Wa zai buɗe shagon? Wa zai biya bashin da ya bari? Wa zai riƙe marayun?

Yanzu da wasanni masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Labarina suka zauna a gidajenmu, wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla ne za su riƙe alƙalamin irinsu gobe. Gargaɗinmu gare su shi ne: wanda ba zai iya zaman makokin tauraronsa ba, ya bar shi da ransa. In kuwa ya kashe shi, to, ya binne shi, ya karɓi gaisuwa.