Hannu Ɗaya da Ɗaukar Jinka

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tarihin Jim Abbott, ɗan wasan besbol na ƙasar Amurka, ya isa ya sa mu sake duban wannan karin magana.

A wasan besbol, mai jifa yakan wurga ƙwallo da ƙarfi, abokin hamayya kuma ya yi ƙoƙarin bugunta da sanda. Mai jifa yana bukatar hannu biyu, ɗaya na jifa, ɗaya na cafewa da safar fata. Abbott kuwa an haife shi a garin Flint na jihar Mishigan a 1967 ba shi da tafin hannun dama. Sai ya koyi ɗora safar a kan dungun, ya yi jifa da hagu, nan take ya zura hannun cikin safar don ya cafe.

A 1988 ya taimaki Amurka ta zo ta ɗaya a wasannin Olamfik na Koriya ta Kudu. A 1989 ya fara yi wa ƙungiyar California Angels wasa. Ranar 4 ga Satumba, 1993, yana tare da Yankees, ya hana 'yan Cleveland samun bugu mai amfani ko guda har aka tashi 4 da 0.

Amma kada mu ɓoye sauran labarin. A 1996 ya ci wasa 2, ya sha kaye 18. Da ya yi ritaya a 1999, nasararsa 87 ce, kayensa 108. A ganinmu wannan ma daraja ce, domin ba a yi masa rangwame ba. An auna shi da mudun da ake auna kowa.

Wannan shi ne abin da muke bukata a makaranta. Sau da yawa mukan ce wa ɗalibi mai nakasa ya zauna a inuwa ya yi gadin jakunkuna, muna zaton tausayi ne, alhali kuwa mun yanke masa hukunci tun bai gwada ba.

Karin maganar nan tana nan daram. Da masu horarwa ba su ba Abbott fili ba, da ba wanda ya san sunansa. Su ne sauran hannuwan da suka kama jinkar. Malamai, iyaye da ku ɗalibai, bari mu buɗe filin wasa da kowace ƙungiya ga kowane ɗalibi, mu bar shi ya ci ko ya faɗi kamar kowa.